Gilez ɗin toka ya tsiyaye a sama ya bushe a ƙasa: laifin haɗi ne ko na wuta?

Ɗan Bukuru ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Na zo neman shawara a kan matsalar da ta same ni a gashi biyu a jere, domin na kai inda dabarata ta ƙare. Shekara 3 ke nan ina ginin kofuna da kwanoni da butocin shayi a wata 'yar rumfa da na kafa a bayan gidanmu a Bukuru, kuma duk tsawon wannan lokaci tanderun gas na wani abokina da ke cikin Jos nake kai wa kayana. Da gas ya yi tsada, sai na tara kuɗi na gina tanderun itace da bulon wuta, irin wanda harshen wuta ke hawa rufi, ya sauko ta tsakanin kaya, sannan ya bi ta ƙasa ya shiga bututun hayaƙi. Cikinsa mita 1 ne ta kowane gefe, murhunsa ɗaya, bututun kuma mita 3.

Yumɓun da nake aiki da shi haɗi ne, rabi jan yumɓu na bakin rafi, rabi farin yumɓu, wato kawolin, wanda nake saya a hannun masu haƙa. Ina yi wa kaya gashin farko a wajen digiri 900, sannan in tsoma su a gilez, wato ruwan haɗin nan da ke narkewa ya zama gilashi a jikin tangaran. Haɗin nawa toka ce kashi 40, garin dutsen felsfa kashi 40, yumɓu kashi 20. Tokar daga wani gidan burodi nake karɓo ta, in tankaɗe ta kawai in zuba.

Wuta tana hawa lafiya har digiri 1,150 a ma'aunin da na soka ta bango, daga nan sai ta cije. A gashin da ya wuce, ni da ƙanena mun kwashe sa'a 5 muna ɗura itace, baƙin hayaƙi na tashi har maƙwabta suka fito suna tambaya, amma ma'auni ya ƙi motsi, wani lokaci ma baya yake ja. Da ƙyar muka kai 1,230 bayan sa'a 17, itace ya ƙare, muka toshe ƙofofi. Da muka buɗe, kayan da ke kantar sama gilez ɗinsu ya tsiyaye har ya manne gindin kofuna da kantar, sai da guduma muka raba su. Na ƙasa sun fito busassu da kaushi kamar samfefa. Na tsakiya kuwa sun yi kyau, kore-kore mai sheƙi da ya faranta mini rai, amma bayan kwana 2 na fara jin suna wata siririyar ƙara, da na duba sai na ga jikinsu ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo. Kofi ɗaya da na bar shayi ya kwana a ciki ya jiƙa tebur.

Shin haɗin gilez ɗin zan sauya, ko kuwa tanderun ne ke da aibi? Kuma wani mai gyaran batir ya ba ni shawarar in ƙara garin dalma a cikin haɗin, wai zai sa ya narke da wuri ko da wuta ba ta kai ba. Ban yi ba tukuna, ina jiran abin da za ku ce. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Magini, Suleja, ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka taɓa haɗin gilez ɗin nan yanzu. Haɗi ɗaya ne ka tsoma kayanka duka a ciki, ya tsiyaye a sama, ya yi kyau a tsakiya, ya bushe a ƙasa, to ai shi ya riga ya ba ka amsa: zafi iri uku ne a cikin tanderunka. In ka gyara haɗin domin ya narke a ƙasa, na sama zai zube gaba ɗaya a kan kanta, in kuma ka gyara shi domin na sama, rabin tanderu zai fito da kaushi. Wuta za ka fara koya tukuna.

Cijewar da take yi a 1,150 babu maginin da ya yi aiki da itace da bai gamu da ita ba, kuma kusan kullum hannun mai zuba itace ne sanadi. Idan mutum ya ga ma'auni ya tsaya, zuciyarsa tana gaya masa ya ƙara itace, alhali abin da wutar ke nema iska ce. Duk faskaren da ka jefa cikin murhu sai ya fara shan zafi kafin ya ba da nasa, yana fitar da tururi da hayaƙi, kuma hayaƙin nan ba ya kamawa sai ya sami isasshiyar iska. Baƙin hayaƙin da maƙwabtanka suka gani, itacenka ne ke fita ta bututu bai ƙone ba. Bayan haka, yawan ɗurawa yana tara garwashi har ya toshe kafofin da iska ke shigowa ta ƙasan murhu, sai wuta ta shaƙe. Abin yi shi ne ka riƙa jefa faskare 3 ko 4 kawai, ka tsaya kana kallon bakin bututu, sai harshen wuta ya janye hayaƙi ya washe sannan ka sake jefawa. A daidai lokacin da hayaƙin ke washewa ne zafi yake hawa. Ka tanadi dogon ƙarfe na motsa garwashi, in ya yi tudu ka baje shi, ka buɗe masa kafa ya cinye kansa.

Sai maganar itacen kansa, wadda ba ka ce komai a kanta ba, kuma ina zargin can ne rabin matsalar take. Ba a fafe gora ranar tafiya. Itacen gashin tangaran ana faskara shi tun yana ɗanye, a jera shi ƙarƙashin rumfa inda iska ke ratsawa, ya yi aƙalla wata 6, in da hali ya shekara. Na ƙarshen gashi kada ya wuce kaurin wuyan hannu, domin siririn faskare shi ke kamawa nan take ya ba da dogon harshe mai ratsa tanderu. Itace mara nauyi kamar malaina, wanda kuke da shi a Filato, ya fi dacewa da wannan aiki a kan itace mai tauri irin ƙirya, wanda garwashi yake tarawa. Ƙirya ka bar wa maƙera. Ka je wurin masu yankan katako ka sayi ɓarin da suke zubarwa, ya fi araha kuma ba ka sa an sare sabuwar bishiya ba, sai dai ka guji wanda aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara.

Game da sanyin ƙasa kuwa, ka duba 'yar katangar da ke tsakanin murhu da kaya. Idan ta yi tsawo, wuta duk rufi take tafiya ta yi zamanta a can, don haka ka cire layi ɗaya na bulo daga samanta, ko ka bar 'yan kafofi a jikinta ta ƙasa. Kada ka cunkushe kantar ƙasa, kuma ka tabbata babu tukunyar da ta tare ramin da wuta ke fita. Bututun mita 3 ina ganin ya yi gajere, musamman a Jos da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, inda iska ba ta da nauyin ta nan wajenmu. Kafin ka kira mai gini, ka ɗora bututun ƙarfe mai tsawon mita 1 a kai ka gwada gashi ɗaya, in ja ya ƙaru sai ka gina da bulo.

Ma'aunin zafi kuma kada ka ba shi amana duka, domin zafin da ke kan tsininsa kaɗai yake gaya maka. Ka nemi kon, 'yan tsinin nan da ake sayarwa da lamba, ka kafa mai lamba 8 da 9 da 10 a sama da tsakiya da ƙasa, inda za ka hango su ta kafar leƙe. Mai lamba 10 yana lanƙwasa tsakanin 1,280 da 1,300. Kon ya fi ma'auni gaskiya saboda yana auna zafi tare da daɗewa, kamar yadda nama ba ƙarfin wuta kaɗai ke dafa shi ba, har da tsawon zamansa a kanta. In kon ya yi wuyar samu, ka yi 'yan zobba da yumɓunka, ka tsoma su a gilez, ka jera su kusa da kafa, ka riƙa zaro ɗaya da ƙarfe kana dubawa.

Ni ban riski Michael Cardew ba, Baturen da ya kafa cibiyar koyar da ginin tangaran ta garinmu, domin ya bar nan a 1965, amma waɗanda suka koya mini a hannunsa suka koya. A 1952 aka buɗe cibiyar a wannan gari, lokacin sunansa Abuja, kafin a ba babban birnin tarayya sunan, kuma abin da ya ja hankalin Baturen nan shi ne yumɓu da ruwa da itace duk suna kusa, ga goyon bayan Sarki Sulaimanu Barau. Da wutar itace suka yi aikin da ya kai sunan garin har Landan, kuma da kayan ƙasar nan suka haɗa gilez ɗinsu. Don haka abin da kake nema yana yiwuwa, an yi shi a nan tun kafin a haife ka. Maganar dalma kuwa, ka rufe ta.

Maman Asabe, Bwari, ta amsa:

Baba, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Na yarda da duk abin da ka faɗa game da wuta, sai dai da izininka zan ɗan saɓa a wuri ɗaya. Gaskiya ne bai kamata ya sauya adadin haɗin ba yanzu, amma tokar da yake zubawa tana bukatar gyara tun yau, domin aikinta yana cin makonni, kuma in ya jira sai ya gama da tanderu zai sake yin asarar gashi guda.

Ƙanena, tokar gidan burodi ba abu ɗaya ba ce. Yau sun ƙona mangwaro, gobe darbejiya, jibi ɓarin katako, kuma kowace bishiya da irin abin da ta tsotsa daga ƙasa. Idan kana karɓar buhu ɗaya kana haɗawa, duk bokitin gilez da ka yi sabon abu ne, ko da sikelinka bai yi kuskure ba. Ni abin da nake yi shi ne in tara duro guda cike, in gauraya shi sosai, in yi aiki da shi shekara guda, sai ya kusa ƙarewa in fara gwada na gaba. Ka kuma lura ko suna kunna wuta da leda ko tsohuwar taya, ko suna sharo yashi da ƙusoshi a ciki.

Sannan ka wanke ta. Ka zuba tokar a duro, ka cika da ruwa, ka motsa, ka kwashe gawayin da ya taso, ka bar ta ta kwanta kwana ɗaya, ka tsiyaye ruwan, ka maimaita sau 3. Ruwan farko za ka ga ya yi rawaya-rawaya da santsi a hannu, shi ne ruwan tokar da iyayenmu ke sa wa miya a madadin kanwa, kuma da irinsa ake yin sabulun salo. Yana cin fata, don haka ka sa safar hannu ta roba, ka kiyaye idonka. Na san akwai magina da suka fi son toka mara wanki saboda ta fi saurin narkewa kuma tana ba da launi mai rai, ban ce sun yi kuskure ba. Amma gishirin da ke cikinta yana narkewa a ruwan bokiti, ya shige jikin tukunyar da aka yi wa gashin farko, kuma haɗin yana sauya hali in ya kwana biyu. Mai koyo ya fi bukatar abin da zai maimaitu. Bayan wanki ka shanya ta ta bushe ƙayau kafin ka auna, sannan ka tace haɗin da rariya mai laushi sau 2.

Tsiyayewa halin gilez ɗin toka ne, kuma kyansa ma a nan yake, domin inda ya taru a cikin zane yakan yi duhu kamar ruwa mai zurfi. Abin da ake yi shi ne a ba shi wurin tsayawa. Ka bar faɗin yatsa ɗaya a gindin kowane kofi babu gilez, ka goge da jiƙaƙƙen soso, ko ka tsoma gindin a narkakken kyandir kafin ka tsoma kofin. Ruwan haɗin kada ya kai kaurin koko, ya tsaya kamar nonon da aka dama, kuma in ka karce jikin kofi da allura bayan ya bushe, kaurin kada ya wuce na katin waya. Ka shafe kantocinka da kawolin da aka dama, kuma ka ɗora kowace tukunya a kan 'yan dunƙule 3 na kawolin da aka cuɗa da yashi da garin katako, domin a tanderun itace tokar da ke tashi daga murhu ita ma tana sauka a kan kaya ta narke.

Idan lokacin gwada haɗi ya yi, kada ka gwada a kan kofunan sayarwa. Ka yi 'yan faranti masu tsayuwa guda 30, ka rubuta lamba a gindinsu da ruwan jar ƙasa, ka yi haɗi 10 da suka bambanta da kashi 5 kawai, ka ajiye jeri ɗaya a sama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a ƙasa, ka rubuta komai a littafi. Cikin abin da za ka gwada ka sa tokar buntun shinkafa, wadda masu injin casa ke neman mai kwashe musu. Kusan dukkanta silika ce, wato sinadarin da ke cikin yashi da farin dutse, tana hana gilez gudu, in ta yi yawa kuma takan ba da fari mai kama da madara. Launi kuwa marmara ta ishe ka: ka niƙa ta, kaɗan daga cikinta yana ba da koren nan da ka gani, mai yawa kuma yana ba da ruwan ƙasa mai duhu har ya kai baƙi.

Kofin da ya jiƙa maka tebur ya tuna mini da mahaifiyata, wadda da hannu take ginin randa, ta gasa a fili da ciyawa da itace, ta yayyafa makuba tun tukunya na da zafi. Randarta tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta yana tsattsafowa iska na busarwa. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da irin wannan gini ta tashi, kuma ko da ta shiga cibiyar Abuja a 1954, mace ta farko da ta shiga, ba ta bar gina manyan tulunanta da hannu ba, tana zana musu kada da ƙadangare da kunama da kifi. Amma da aka gasa su da wuta mai tsanani aka rufe su da gilez, sai suka yi nauyi suka daina sanyaya ruwa, suka zama kayan ado da ake baje kolinsu a Turai. Har yau in mai saye ya ce in yi masa randa mai gilez, nakan gaya masa gaskiya cewa ruwansa ba zai yi sanyi ba. Tsattsafowa ita ce amfanin randa, amma a kofin shayi aibi ce, kuma tana nuna yumɓun bai nuna ba.

Malamin Kimiyya, Jos, ya amsa:

Baba da Hajiya sun gama da wuta da toka, ni zan tsaya a kan dalma da kuma tsagar nan, domin su ne suka shafi lafiyar wanda zai ci abinci a kwanonka.

Malam, mai gyaran batir bai yi ƙarya ba da ya ce dalma tana sa gilez ya narke da wuri, an daɗe ana amfani da ita a ƙasashe da dama saboda haka. Amma duk abu mai tsami da aka zuba a irin wannan kwano, kunun tsamiya ne ko zoɓo ko fura da nono ko miyar tumatir, yana jawo dalmar ya shigar da ita cikin abinci, kuma ba ta da ɗanɗano balle a gane. Tana taruwa a jiki, ta fi yi wa ƙananan yara da mata masu ciki illa, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini da ƙoda. Ba mu manta da abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara kimanin 400. Kai da za ka niƙa garin a bayan gidanku, iyalinka ne za su fara shaƙa. Bugu da ƙari, a zafin da kake nema dalma tana tashi ta zama tururi, ta shige bulon tanderu, ta riƙa sauka a kan kayan da za ka gasa nan gaba. A 1,280 toka da felsfa sun isa su narkar da gilez, ba ka da wata bukata gare ta.

Tsagar gizo-gizo kuwa tana faruwa ne idan gilez ya fi jikin tukunya tsukewa lokacin hucewa. Ka ɗauka riga ce da ta yi wa mai ita kaɗan, dole ta yage. Toka mara wanki da felsfa suna da sinadaran fotash da soda masu yawa, kuma su ne suka fi sa gilashi buɗewa da zafi da tsukewa da sanyi, don haka wankin da Hajiya ta ce zai rage matsalar, ƙarin silika kashi 5 zuwa 10 kuma, daga tokar buntu ko niƙaƙƙen farin dutse, zai ƙara ragewa. Amma ina ganin tushen abin yana cikin yumɓun. Kawolin shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya haura 1,700, kuma ka zuba shi rabi guda ba tare da felsfar da za ta haɗe jikin ba. Jikin da bai haɗe ba yana shan danshi bayan an fito da shi, ya ɗan kumbura, sai gilez ya tsage bayan kwanaki, kamar yadda ka ji da kunnenka.

Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi a gida. Ka ɗauki gutsuren da babu gilez daga gashin da ya wuce, ka busar da shi, ka auna a sikelin giram, ka dafa shi a ruwa sa'a 5, ka bar shi ya kwana a ciki, ka goge ka sake aunawa. Tangaran da ya nuna bai kamata nauyinsa ya ƙaru da fiye da kashi 2 ko 3 cikin 100 ba. In ya wuce haka, ka gwada ƙara garin felsfa kashi 10 da 15 da 20 a cikin yumɓun, ka yi 'yan sanduna, ka ja layin santimita 10 a kan kowanne tun yana ɗanye domin ka san yawan tsukewarsa, ka gasa su tare da farantan Hajiya. Wanda ya lanƙwashe ko ya yi ƙuraje, jan yumɓu ko felsfa ya yi masa yawa.

Ba ka faɗi lokacin da ka buɗe tanderun ba, kuma wannan yana da muhimmanci. Silikar da ke cikin yumɓu tana sauya girma farat ɗaya a digiri 573, wani nau'inta kuma a wajen 226, kuma in iska mai sanyi ta bugi kaya a waɗannan wurare sai su tsage, musamman da irin sanyin daren Jos. Ka bari sai za ka iya ɗaukar tukunya da hannu babu tsumma.

Duk gilez da ka ga ya yi maka kyau, kafin ka sayar ka yanka lemun tsami ka ɗora a kansa ya kwana, in wurin ya dusashe ko ya sauya launi kada ka sa shi a kayan abinci. Kuma ka kiyayi ƙura, domin garin dutse da tokar buntu da busasshen yumɓu suna taruwa a huhu su haifar da ciwon da ba ya warkewa. Ka niƙa da ruwa, ka goge ɗakin aiki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, ka sa takunkumi mai kyau lokacin tankaɗe.

Ɗan Bukuru ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Baba, zarginka ya tabbata, domin itacen mako guda kafin gashi na saye shi, a cikin watan Agusta ana tsakiyar ruwa, kuma manya-manyan guntaye ne. Malam, na yi gwajin da ka ce da gutsuren kwano daga kantar tsakiya, nauyinsa giram 200, bayan dafawa ya koma 218, wato kashi 9 cikin 100 ke nan. Tanderun kuma bayan sa'a 14 na buɗe shi, da tsumma muka riƙa fito da kaya. Dalma na bar ta har abada, na kuma gaya wa wanda ya ba ni shawarar dalilin. Hajiya, toka tana cikin duro tun jiya, kuma na yi magana da wani mai injin casa a kan buntu.

Saura tambaya ɗaya, Baba. Koren nan da ya fito a tsakiya shi nake so in riƙa samu, kuma na ji ana cewa sai an rage wa wuta iska yake fitowa. Ta yaya zan haɗa wannan da abin da ka ce na barin hayaƙi ya washe?

Tsohon Magini, Suleja, ya amsa:

Tambayar ta yi kyau, ɗana, kuma babu saɓani a tsakaninsu. Ƙarfen da ke cikin toka da yumɓu yana ba da rawaya ko ruwan ƙasa idan iska ta wadata, ya koma kore idan wuta ta ɗan ji yunwar iska har ta shiga zuƙe ta daga jikin gilez. Amma yunwa kaɗan ake nema, ba shaƙewa ba. Ka fara da ƙaramar wuta a bakin murhu sa'a 2 ko 3 domin danshin bulo da na kaya ya fita, sannan ka hau da wuta mai haske, bututu a buɗe, har wajen digiri 1,000. Daga nan, tun gilez bai narke ya rufe jiki ba, ka tura marufin bututu kaɗan kaɗan har ka ga ɗan harshen wuta mai tsawon yatsa yana leƙowa ta kafar leƙe bayan kowace zubawa, hayaƙi kuma toka-toka ne ba baƙi ba. Tanderun itace da kansa yake wannan numfashi, in ka jefa faskare iska ta ragu, in ya cinye ta dawo.

Idan kon mai lamba 9 ya fara sunkuyawa a sama, kada ka yi gaggawar gamawa. Ka riƙe wutar a nan sa'a 1 ko 2 da ƙananan faskare har na ƙasa ya biyo shi, sannan ka bar garwashi ya cinye, ka rufe bututu, ka liƙe kowace kafa da yumɓu da yashi, ka tafi ka bar shi kwana 2. Kuma ku zama mutum 4 kuna karɓa-karɓa, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma mai gajiya shi ke ɗura itace.

Ka faskara itacenka yanzu ya sha iskar hunturu, ka sa gashinka na gaba a watan Maris. Mu a nan za mu kunna namu a ƙarshen Janairu in Allah ya kai mu. In ka sami hali ka zo ka kwana a bakin murhu tare da mu, ka taho da sandunan gwajinka da gwangwani ɗaya na tokar da ka wanke, zan ba su wuri a kantar tsakiya.